Manhajojin sayen kaya na kamfanoni: sana'a ce mai kyau, amma ba a kowane farashi ba

Duk kamfanin da ke sayar da wani abu, sai da ya fara sayen wani abu. Masana'antar motoci na sayen ƙarfe da gilashi da tayoyi da wayoyin lantarki. Asibiti na sayen magani da safar hannu da gadaje. Banki na sayen kwamfutoci, yana kuma biyan kamfanonin da ke yi masa gadi da shara da aikin lauya. A masana'antu da yawa, abin da ake biyan masu kawo kaya ya haura rabin duk kuɗin da ke shigowa, ya kuma fi albashin ma'aikata nesa ba kusa ba. Shi ya sa aka samu kamfanonin da ba su da wata sana'a sai rubuta manhajar da za ta tsara wannan saye tsakanin kamfani da kamfani, kuma kusan shekara talatin ke nan masu zuba jari suna kai da komo a kansu. Ra'ayina shi ne sana'ar tasu mai kyau ce, ta ma fi ɗorewa a kan yadda mutane da yawa ke zato. Sai dai sau biyu ke nan masu zuba jari suna ruɗin kansu da lissafi iri ɗaya a kanta, kuma ina ganin alamun za a yi na uku, wannan karon da sunan ƙirƙirarriyar basira.

Aikin manhajar ba shi da wuyar ganewa. Ma'aikaci a wani sashe yana buƙatar abu. A da sai ya cika takarda ko ya tura imel, takardar ta yi ta bin ofis-ofis tana neman sa hannu, wani jami'i ya kira mai kawo kayan da ya saba da shi, kaya su iso sito, bayan makonni takardar neman biya ta iso ofishin akanta, a lokacin babu wanda ya tuna wa ya yi odar ko a nawa aka yi ciniki. A cikin wannan ruɗanin ne kuɗi ke zurarewa. A biya takarda ɗaya sau biyu. A sayi abu sama da farashin da aka ƙulla a yarjejeniya. Sassa biyar su sayi abu ɗaya daga wurare biyar, a rasa rangwamen da sari ke kawowa. Wani lokaci ma a biya kamfanin da babu shi sai a takarda, wanda wani na ciki ya ƙirƙira don kansa. Manhajar na ɗora duk wannan a kan layi guda: buƙata ta shiga, mai hurumi ya amince, oda ta fita zuwa ga mai kayan da aka riga aka tantance, kuma ba a sakin ko sisi sai abu uku sun yi daidai da juna, wato abin da aka yi oda, da abin da aka karɓa a sito, da abin da aka rubuta a takardar neman biya. Manyan manhajojin sun haɗa har da neman tayin farashi daga masu kaya da yawa, da adana yarjejeniyoyi, da sa ido kan lafiyar kasuwancin waɗanda ake saye a wurinsu.

Don a ga dalilin da ya sa shugabannin kamfanoni ke biyan kuɗi mai yawa a kan wannan, a yi ɗan lissafi. A ɗauka a cikin kowace dala 100 da kamfani ya yi ciniki, 60 na tafiya wajen sayen kaya, 5 kuma ita ce riba. In tsari ya rage masa kashi 2 cikin 100 kacal daga abin da yake kashewa wajen saye, ribar ta tashi daga dala 5 zuwa 6.2. Kafin ya samu irin wannan ƙarin ta hanyar ciniki, sai ya ƙara abin da yake sayarwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, abin da kan ci shekaru da talla da sabbin ma'aikata. Kuɗin da aka hana zurarewa kai tsaye yake faɗawa cikin riba. Wannan ne ma ya sa manhajar ke da kasuwa ko a lokacin da tattalin arziki ya ja baya, don a irin lokacin ne kowane shugaba ke neman inda zai matse.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar shi ne wahalar rabuwa da ita. Babban kamfani kan shafe watanni, wani lokaci fiye da shekara, yana girka manhajar. Sai an haɗa ta da littafin kuɗin kamfanin, an shigar da dubban masu kawo kaya ɗaya bayan ɗaya, an koya wa ma'aikata, an rubuta wa ke da ikon amincewa da nawa. Wanda ya sha wannan wahalar ba ya son ya sake shanta don kawai wani ya zo masa da manhaja mai ɗan sauƙin kuɗi. Don haka sai ya ci gaba da biyan kuɗin shekara-shekara, ko da yana ƙorafi. Ga mai zuba jari, kuɗin shiga da ake iya hasashensa shekara uku gaba abu ne mai daraja ƙwarai, kuma ba kowace sana'a ke da shi ba.

To ina matsalar take? Tarihi ya amsa wannan tun daga farko. An kafa Ariba, ɗaya daga cikin kamfanonin farko na irin wannan manhaja, a 1996, ta shiga kasuwar hannayen jari a 1999, kuma a 2000 darajarta ta kai wajen dala biliyan 40, alhali kuɗin shigarta bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da wannan adadi. Ita da abokiyar hamayyarta Commerce One an riƙa kallonsu a matsayin ƙofofin da duk cinikin kamfanonin duniya zai bi ta ciki. Lissafin da aka yi mai sauƙi ne: cinikin da ke tsakanin kamfanoni ya ninka wanda ke tsakanin kanti da mai saye, ya kai tiriliyoyin daloli, don haka in kamfani ya samu la'ada ko da ƙanƙanuwa ce a kan kowane ciniki, arzikinsa ba zai ƙirgu ba. Commerce One ta karye a 2004. Ariba ta tsira, ta rage buri, ta koma sayar da manhaja da haɗa masu saye da masu kaya, har kamfanin SAP na Jamus ya saye ta a 2012 a kan dala biliyan 4.3. Kamfani ne mai amfani a 2012, kuma har yau ana aiki da manhajarsa a faɗin duniya. Amma wanda ya sayi hannun jarinsa a 2000 bai ga kuɗinsa sun dawo ba.

Kuskuren yana nan ne: kuɗin da ke wucewa ta cikin manhajar ba na mai manhajar ba ne. Shi kamar mai fito ne a bakin kogi. Ko da zinariya ya haye da ita a kwalekwalensa, kuɗin fito zai karɓa, kuma ranar da ya ce sai an ba shi kaso a cikin kayan, masu kayan za su nemi wani mashigi. Manyan masu saye suna da ƙarfin da za su ƙi biyan la'ada, masu kawo kaya kuma ribarsu ba ta da kaurin da za ta ɗauka. Labarin Covisint ya nuna haka ƙarara. A 2000, General Motors da Ford da DaimlerChrysler suka haɗu suka kafa kasuwar intanet guda don sayen kayan haɗa motoci. A takarda babu yadda za a yi ta faɗi, tunda manyan masu sayen su ne masu ita. Amma masu ƙera kayan sun gane da wuri cewa babban amfanin da za a yi da ita shi ne gwanjon da ake juya shi, inda su ne za su riƙa karya farashi a junansu har sai an samu wanda ya fi kowa sauƙi. Sun kuma san cewa birki ko akwatin giya ba abu ba ne da ake saye ta gwanjo, tunda injiniyoyin ɓangarorin biyu kan shafe shekaru suna tsara shi tare. Suka ja ƙafa. Zuwa 2004 an raba Covisint an sayar, ɓangaren gwanjon ya koma hannun FreeMarkets, wadda ita ma Ariba ta haɗiye a shekarar.

Mutum zai ce an ɗauki darasi. Bayan shekara ashirin sai aka maimaita kuskuren a kan wani kamfanin manhajar saye, Coupa. An kafa ta a 2006 da manufa mai kyau, wato ta yi manhajar da ma'aikaci zai iya amfani da ita cikin sauƙi kamar yana sayayya a intanet, a lokacin da tsofaffin manhajoji ke gundurar kowa. Ta shiga kasuwar Nasdaq a watan Oktoban 2016 a kan dala 18 kowane hannun jari. A farkon 2021 farashin ya haura dala 350. A tsakani ta sayi LLamasoft, mai tsara hanyoyin jigilar kaya, a kan kimanin dala biliyan 1.5 a ƙarshen 2020. Adadin da aka fi yayatawa a lokacin shi ne jimillar kuɗin sayayyar da suka taɓa bi ta manhajarta, wanda ya wuce dala tiriliyan 3. Kuɗin shigarta kuwa a shekarar da ta ƙare a Janairun 2022 dala miliyan 725 ne, kuma a lissafin akanta asara take yi. A watan Disambar 2022 Thoma Bravo, mai sana'ar sayen kamfanoni, ta amince ta saye ta a kan dala 81 kowane hannun jari, jimilla dala biliyan 8.

A dubi waɗannan farashin guda uku da kyau, don su ne ginshiƙin abin da nake faɗa. Wanda ya saya a dala 18 ya ninka kuɗinsa fiye da sau huɗu a cikin shekara shida. Wanda ya saya a ƙololuwa ya rasa sama da kashi uku cikin huɗu a ƙasa da shekara biyu. Kamfani ɗaya ne, manhaja ɗaya, kuma kwastomominta ba su gudu ba. Kuɗin shigarta ma ƙaruwa yake yi a duk tsawon lokacin da farashin ke faɗuwa. Abin da ya sauya shi ne kuɗin ruwa. Babban bankin Amurka ya fara ɗaga shi a watan Maris na 2022 daga kusan sifili, bai tsaya ba sai da ya haura kashi 5 a tsakiyar 2023. Da zarar mutum zai iya samun kashi 5 a takardun bashin gwamnati ba tare da fargaba ba, alkawarin ribar da za a samu nan da shekara goma ya rage daraja. Kamfanonin manhaja da yawa sun sha wannan bugun, amma ya fi tsanani ga waɗanda aka yi wa farashi da girman abin da ke wucewa ta hannunsu maimakon abin da ke tsayawa.

Akwai wata hanya da waɗannan kamfanoni ke bi don su taɓa kuɗin da ke wucewar, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Manhajar ta san cewa an kawo kaya, an karɓa, an amince da takardar neman biya, kuma babban kamfani zai biya nan da kwana sittin ko casa'in. Mai kawo kayan kuwa yana son kuɗinsa yau don ya biya albashi. Sai a ce masa ga kuɗinka yanzu, a cire ɗan wani abu, in lokaci ya yi mai ba da kuɗin ya karɓa daga babban kamfanin. A asalinsa tsari ne mai amfani, kuma haɗarinsa kaɗan ne tunda wanda ake bi mai ƙarfi ne. Amma daga ranar da kamfanin manhaja ya fara dogaro da wannan, ya shiga sana'ar ba da bashi, ita kuma tana da dokokinta da ramukanta.

Greensill Capital ta gina kanta ne a kan irin wannan bashin, har SoftBank, babban mai zuba jari na Japan, ya zuba mata kimanin dala biliyan 1.5 a 2019. Ana kallonta a matsayin kamfanin fasaha, alhali abin da take yi shi ne tara basussuka tana sayar wa masu zuba jari. Ta jibga kaso mai yawa a kan rukunin kamfanonin Sanjeev Gupta, wani ɗan kasuwar ƙarafa, har ta kai ga ba da kuɗi a kan cinikin da ba a riga an yi ba, ana dai sa ran za a yi. Da kamfanin inshora ya ƙi sabunta mata kariya, bankin Credit Suisse ya rufe asusun da ke sayen basussukanta, waɗanda suka kai dala biliyan 10, a watan Maris na 2021, cikin kwanaki kaɗan Greensill ta durƙushe. Taulia, kamfanin manhajar da kuɗin Greensill ke bi ta hannunsa zuwa ga masu kawo kaya, sai da ya yi gaggawar neman wasu bankuna, daga baya a 2022 SAP ya sayi mafi yawansa. Kafin nan ma an ga ɗaya fuskar abin a Birtaniya. Carillion, babban ɗan kwangilar gine-gine, ya miƙar da wa'adin biyan masu kawo masa kaya har zuwa kwana 120, sannan ya nuna musu ƙofar karɓar kuɗi da wuri ta banki. Wato ya ci bashi ba tare da kalmar bashi ta bayyana a inda ya kamata a littafinsa ba. Da ya faɗi a Janairun 2018, dubban ƙananan kamfanoni ne suka kwana a ciki. Don haka in na ga kamfanin manhajar saye yana alfahari da cewa kuɗin shigarsa daga biyan gaggawa na ƙaruwa fiye da na manhajar, ba murna nake yi ba. Tambaya nake yi: in babban kamfanin ya kasa biya, wa zai ɗauki asarar?

Duk da haka ban yanke ƙauna daga fannin ba, kuma babban dalilina ba shi da wani armashi: haraji. Gwamnatoci sun gano cewa hanya mafi sauƙi ta toshe satar harajin kayayyaki ita ce su ga kowace takardar neman biya a lokacin da ake fitar da ita. Ƙasashen Latin Amurka irin su Chile da Mexico da Brazil ne suka fara. Italiya ta wajabta wa dukkan kamfanoni tura takardunsu ta na'urar gwamnati daga Janairun 2019. Indiya ta fara da manyan kamfanoni a Oktoban 2020, Saudiyya a Disambar 2021. Daga Janairun 2025 dole kowane kamfani a Jamus ya iya karɓar takardar neman biya ta lantarki, Faransa kuma ta tsayar da Satumban 2026 don fara nata. Kowace ƙasa da tsarinta da sharuɗɗanta, kuma kamfanin da ke ciniki a ƙasashe talatin ba zai iya bin su duka da hannu ba. Wannan buƙata ce da doka ta haifar, ba talla ba, kuma gwamnatin da ta ɗanɗani ƙarin kuɗin shiga ta wannan hanya ba za ta koma baya ba. Masu kuɗi sun gane haka: a farkon 2024 Thomson Reuters ya doke tayin Vertex ya sayi Pagero na Sweden, wanda wannan ne aikinsa, a kan kimanin dala miliyan 800.

Akwai wasu dokokin da ake yawan ambata a matsayin abin da zai ciyar da fannin gaba, wato masu tilasta wa kamfani sanin inda kayansa suka fito. Amurka ta fara aiki da dokar hana shigo da kayan da aka yi da aikin tilas daga yankin Xinjiang na China a Yunin 2022, Jamus ta fara tata dokar bibiyar masu kawo kaya a Janairun 2023. Waɗannan ba na ɗora musu nauyi sosai, don siyasa na iya juya su. Tarayyar Turai ta amince da irin wannan doka a 2024, shekara na zagayowa ta ɗage lokacin fara aiki da ita ta kuma shiga sassauta ta. Abin da ba ya juyawa shi ne darasin 2021, lokacin da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez kwana shida, ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki kuma ya tsayar da masana'antun motoci. Shugabanni da yawa a lokacin ne suka gano ba su san wanda ke kawo wa mai kawo musu kaya ba.

Sai batun manyan giwaye. Kusan duk babban kamfani ya riga ya ajiye littafin kuɗinsa a manhajar SAP ko Oracle ko Microsoft, kuma dukkansu suna da nasu ɓangaren saye. Workday ma, mai manhajar kula da ma'aikata da kuɗin kamfani, ya sayi Scout RFP, mai manhajar neman tayin farashi, a 2019 a kan kimanin dala miliyan 540 don ya shiga filin. Ba sai manhajarsu ta fi ta kowa kyau ba. Ya isa su ce wa kwastoma ga ta nan a cikin kunshin da kake biya, da ɗan ƙari kaɗan. A can ƙasa kuma, wajen ƙananan sayayya irin su kujeru da takarda da kayan gyara, Amazon Business da aka buɗe a 2015 ya ce cinikinsa ya kai dala biliyan 35 a shekara a 2023. Kamfanin da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar waɗannan dole ya zama yana da abin da ba a iya ba da shi kyauta, in ba haka ba a hankali za a matse shi.

Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ita ce sabon dalilin da ake kafawa don ɗaga farashin waɗannan kamfanoni. Ban musanta amfaninta a nan ba, don aikin saye cike yake da karatu mai gajiyarwa. Na'ura na iya karanta yarjejeniya mai shafi ɗari ta fito da ranar ƙarewarta da tarar da ke ciki, ta rarraba dubban takardun biya gida-gida, ta hango takardar da aka turo sau biyu da ɗan sauyi. Zip, wanda aka kafa a 2020, ya gina kasuwancinsa a kan abu guda: ƙofa ɗaya mai sauƙi da ma'aikaci zai shigar da buƙatarsa, ita kuma ta kai ta ga lauya da akanta da sashen tsaron kwamfuta. A Oktoban 2024 an yi masa kima ta dala biliyan 2.2. Amma nasarar Zip ita kanta gargaɗi ce. In sabon kamfani zai iya zuwa cikin shekara huɗu ya zauna a saman tsofaffin manhajoji ya ƙwace fuskar da ma'aikaci ke gani, wani ma zai iya yi masa haka, kuma fasahar da ake murna da ita ta sa rubuta irin wannan manhaja ya ƙara sauƙi da araha ga kowa.

A ganina ƙirƙirarriyar basira za ta rage darajar abin da ke sama, ta ƙara darajar abin da ke ƙasa. Allon da ake latsawa da fom ɗin da ake cikawa kowa zai iya yin nasa. Abin da ba a samu dare ɗaya shi ne tarihin farashi na shekaru, da jerin masu kaya da aka tantance asusun bankinsu, da rajistar da mai binciken kuɗi zai yarda da ita in ya zo tambayar wa ya amince da wannan biyan. Kuma duk yadda na'ura ta iya, babu hukumar daraktocin da za ta bar ta ta saki miliyoyi ba tare da an san wanda za a kama in an yi kuskure ba, musamman yanzu da 'yan damfara ke amfani da fasahar wajen ƙirƙirar takardun bogi da sauya lambar asusu. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, in ribar da fasahar ta kawo ta zama kowa na da ita, kwastoma ne zai ci moriyarta ta hanyar ragin farashi. Mutanen da ake sayar wa wannan manhaja kuwa su ne jami'an saye, waɗanda ba su da wani aiki a duniya sai neman ragi.

Ya kamata kuma mai ƙaramin jari ya lura da wanda ke riƙe da fannin a yau. Ariba na cikin SAP. Coupa na hannun Thoma Bravo. Basware na Finland ya fice daga kasuwar hannayen jari bayan da rukunin da Accel-KKR ke jagoranta ya saye shi a 2022. Jaggaer, wanda a da ake kira SciQuest, ya bi ta hannun Accel-KKR a 2016, da Cinven a 2019, da Vista a 2024. Ivalua na Faransa da GEP na Amurka ba sa cikin kasuwar hannayen jari. Za a iya cewa tunda waɗannan gogaggun masu sayen kamfanoni suna rububin fannin, ai shaida ce cewa akwai alheri a ciki. Haka ne, shaida ce cewa kuɗin shigar tabbatacce ne, wanda shi ne abin da na faɗa tun farko. Amma su suna saye ne bayan farashi ya faɗi, suna biyan wani kaso da bashin da ake ɗora wa kamfanin da aka saya, sannan su rage ma'aikata su ƙara farashi. In sun tashi sayarwa, sukan zaɓi lokacin da kasuwa ke zumuɗi. Wanda ya saya daga hannunsu a ranar ba irin cinikinsu ya yi ba, shi ne ɗaya ɓangaren cinikin.

In da zan sa kuɗina a wannan fanni, abin da zan fara dubawa ba yawan kuɗin da ke bi ta manhajar ba ne, kuma ba yawan masu kayan da aka ce sun yi rajista ba, don rajista ba ciniki ba ce. Zan duba ko kwastomomin bara sun sabunta, kuma ko sun ƙara abin da suke biya da son ransu. Zan raba kuɗin shigar gida uku in ga nawa ne daga manhajar kanta, nawa daga aikin girkawa wanda ribarsa kaɗan ce, nawa daga harkar bashi. Zan kuma cire hannayen jarin da ake rabawa ma'aikata a matsayin albashi kafin in yarda da abin da aka kira riba, tunda daga aljihun masu jari suke fita.

Akwai kuma ma'aunin da ban cika ganin masu sharhi na amfani da shi ba, alhali ni shi na fi yarda da shi: yadda manhajar ke mu'amala da mai kawo kaya. Shi ne ba a tambayar ra'ayinsa lokacin da ake zaɓenta. Ƙaramin kamfani mai kwastomomi goma na iya samun kansa yana shiga shafuka goma daban-daban, kowanne da kalmar sirrinsa da fom ɗinsa, wasu ma su caje shi kuɗi kafin ya tura takardar neman haƙƙinsa. Wannan abu yana damuna, don ƙaramin mai sana'a ne ke biyan kuɗin sauƙin da babban kamfani ke samu. Kuma ko ta fuskar riba zalla, kuɗin da ake karɓa daga wanda ba shi da zaɓi ba su da tabbas. Tsare-tsare irin su Peppol, da ke ba kamfani damar tura takarda daga kowace manhaja zuwa kowace manhaja, suna yaɗuwa daga Turai zuwa Singapore da Ostareliya da Japan, kuma duk inda suka kafu, katangar da ake tsare mai kaya a ciki tana rushewa. Kamfanin da ribarsa ta dogara da wannan katanga zai ga tana raguwa a daidai lokacin da dokokin harajin da na ambata ke ƙara yawan takardun da ake turawa. Wanda kuwa masu kaya ke shiga manhajarsa don suna ganin inda takardarsu ta tsaya, suna kuma samun kuɗinsu ranar da aka yi alkawari, shi ne zan yarda in biya wa farashi mai ɗan tsada, muddin an lissafa shi a kan kuɗin da kamfanin ke karɓa da hannunsa.